ƘWARON DA BA YA CIZO, AMMA YANA ƘONA FATA

Jama'ar Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure ko a dandali. Sa'an nan a shiga da ita cikin gida, mata su ma su ji.

Akwai wani ciwon fata da kan zo da damina da farkon kaka. Mutum ya kwanta lafiya lau, gari na wayewa sai ya ga wani jan layi a wuyansa, ko a fuska, ko a damtse, kamar an ɗora masa ƙarfe mai zafi. Wurin yana raɗaɗi. Bayan kwana biyu sai ƙuraje su feso a kai. Wani ya ce gizo-gizo ne ya yi masa fitsari, wani ya ce jifa ne, wani kuwa ya ce ɗauka ya yi a wurin maƙwabci. Sau da yawa mai wannan aiki wani ɗan ƙwaro ne, wanda tsawonsa bai kai rabin inci ba. Ba ya cizo, ba ya harbi. Sai an murje shi a jiki yake yin ɓarna. In ka san halinsa, ka tsare kanka da iyalinka ba tare da ka kashe ko kwabo ba.

SUNANSA DA KAMANNINSA

Masana suna kiransa Paederus. A Kenya ana ce masa ƙudan Nairobi, ko da yake ba ƙuda ba ne. A kudancin Nijeriya sun yi masa laƙabi da siket da bulawus, domin jikinsa launi biyu ne, kamar mace ta yi ado. A cikin wannan takarda za mu kira shi ƙwaron ƙuna.

Danginsa suna da yawa ƙwarai. An ƙidaya iri fiye da 60,000 a duniya, kuma galibinsu ba sa cutar da kowa. Reshen da muke magana a kai, watau Paederus, ya ƙunshi iri fiye da 600.

Ga yadda za ka gane shi. Siriri ne, dogo, tsawonsa kamar milimita 7 zuwa 10, watau misalin ƙwayar shinkafa doguwa. In ka hange shi sai ka ce babbar tururuwa ce. Kansa baƙi. Ƙirjinsa ja mai ruwan goro. Daga nan sai wani gajeren baƙi mai sheƙi, mai ɗan shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Sa'an nan ciki ja kuma, bakin wutsiya baƙi. Ka riƙe wannan jeri: baƙi, ja, baƙi, ja, baƙi.

Wannan gajeren baƙin na tsakiya murfin fukafukai ne. A ƙarƙashinsa akwai dogayen fukafukai da ya ninke ya ɓoye, shi ya sa mutane ba sa zaton yana tashi. Yana tashi sarai. Yana da gudu ƙwarai a ƙasa, in kuwa ka tsokane shi sai ya ɗaga wutsiya sama kamar kunama. Barazana ce kawai, ba shi da ƙari.

INDA YAKE ZAUNE

Ƙwaron ƙuna ɗan laima ne. Wurin zamansa bakin tabki, da gefen kududdufi, da fadama, da gonar shinkafa, da lambu, da ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye da ciyawa. Macen takan saka ƙwanta ɗai-ɗai a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bayan 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsa mai ƙafafu ta fito, ta shiga farauta a cikin ƙasa. Takan sake fata ta ƙara girma, sa'an nan ta kwanta a ɗan rami ta rikiɗa, ta fito cikakken ƙwaro. In akwai zafi da laima, duk wannan makonni kaɗan ne. In ƙasa ta bushe, ƙwai da tsutsa sukan mutu.

Ka ga ke nan yawansa yana bin ruwa. Ƙasarmu ta yashi ce, da rani ba ta yi masa daɗi. Amma daga watan Agusta, sa'ad da tabkuna da kududdufai suka cika, ciyawa ta rufe bayan gida, ya sami wurin hayayyafa, har zuwa kaka. Shekarar da ruwa ya yi yawa, shi ma yakan yi yawa. A Kenya, bayan ruwa mai yawan gaske da aka yi a ƙarshen 1997 da farkon 1998, ƙwaron ya yi yawa har ciwon ya dami mutane a birni da ƙauye. A nan Nijeriya ma, likitoci sun buga rahoton ɓarkewarsa a kudancin ƙasar a 1990. Saboda haka shekarar ambaliya, irin 2022 da ruwa ya ci garuruwa da gonaki a Jigawa, ita ce shekarar da za a ƙara lura.

Samarinmu da kan tafi ƙwadagon shinkafa a fadamun Haɗeja da Auyo su ma su ji wannan. Gonar shinkafa ita ce babban gidansa. In an yanke shinkafa, ko an sa wa tushiya wuta, ƙwarin sukan watse su nemi wani wuri, sai su faɗa bukkoki da gidajen da ke kusa.

ABOKIN MANOMI NE

Kafin ka tsane shi, ka ji aikinsa. Ƙwaron ƙuna ba ya lalata gero, ko dawa, ko wake, ko riɗi. Mafarauci ne. Da rana yana yawo a ƙasa da jikin shuka, yana kama darɓa, da ƙananan tsutsotsi, da ƙwan ƙwari, da 'yan ƙwarin nan masu tsalle da ke tsotse ruwan shinkafa. 'Ya'yansa ma tun suna tsutsa nama suke ci. A ƙasashen Asiya masu noman shinkafa, malaman gona suna lissafa shi cikin ƙwarin da ke taimakon manomi.

Saboda haka in ka gan shi a gona ko a lambu, ƙyale shi, aikinka yake yi. Feshin magani barkatai yakan kashe shi tare da sauran mafarauta irinsa, ya bar wa masu ɓarna fili. Ba a gona yake cutarwa ba, sai in ya shigo ɗaki ya hau jikin mutum.

DAFINSA

Dafin yana cikin ruwan jikinsa, watau jininsa. Masana biyu a Italiya, Pavan da Bo, su ne suka sa masa suna fedarin a 1953. Daga baya aka gane cewa ba ƙwaron da kansa ke yin dafin ba. Wasu ƙwayoyin halitta ne 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ido ba ya gani, suke zaune a cikin macen suna yi mata shi. Ita kuwa tana zuba shi cikin ƙwanta, domin gizo-gizo mai farauta a ƙasa ya ƙi cin 'ya'yanta. Makamin tsaron kai ne, ba don mutum aka yi shi ba.

In ƙwaron yana tafiya a fatarka bai fashe ba, galibi ba abin da zai same ka. Amma cikin barci, ko kana hira, ka ji abu yana bin wuyanka, sai ka kai masa mari ka goge. To, ka fasa shi, ka kuma shafe ruwansa a fata. Shi ya sa ciwon kan fito a miƙe kamar bulala, yana bin inda hannu ya bi.

Dafin ba ya zafi nan take. Yana shiga fata ne a hankali, ya hana ƙwayoyin fatar aikinsu har su mutu. Kafin ka ji wani abu an yi yini guda, wani lokaci har kwana biyu. Kafin nan ka manta da ɗan ƙwaron da ka murje. Dalili ke nan da ya sa ake ɗora wa gizo-gizo da maƙwabta laifin da ba nasu ba. Ka sani kuma, mataccen ƙwaro ma yana da dafi, ko da ya bushe.

ABIN DA KE KAWO SHI GIDA

Haske ne. Da dare ƙwaron ƙuna yana tashi ya bi fitila, kuma ya fi son farin haske mai ƙarfi bisa ga mai ruwan ɗorawa. Wannan hali tuni aka san shi. A 1901 wani likita mai suna Vorderman ya ba da labarin wannan ciwo a tsibirin Jawa, cikin ƙasar Indonesiya ta yau. Waɗanda ya kama kuwa ma'aikatan hasumiyar fitila ne, mai nuna wa jiragen ruwa hanya da dare.

A da, ƙauye sai fitilar aci-bal-bal da ta ƙwai. Yau akwai sola, da fitilar caji, da tocila mai farin haske, da wayar hannu. Abin alheri ne, amma ƙwari ma suna gani. Wanda ya rataye farar fitila daidai kan shimfiɗarsa, ya bar taga a buɗe, ya kira baƙi da kansa.

Waɗanda ya kamata su fi lura su ne masu kwana ko aiki a ƙarƙashin fitila: masu shayi, da masu tsire, da masu cajin waya, da masu gadi a ma'aikatu da Yankin Ciniki Maras Shinge na Maigatari. Haka fatake da direbobi da kan kwana a tasha daren kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, da almajirai, da 'yan makarantar kwana masu karatun dare.

YADDA CIWON YAKE TAFIYA

Da fari wurin ya yi ja ko ya yi duhu, yana raɗaɗi da ƙaiƙayi. Bayan kwana 2 zuwa 4 sai ƙananan bororo su fito, wasu da farin ruwa a ciki. Daga nan su bushe su yi ɓawo. Galibi cikin mako 1 zuwa 3 ya warke. Yakan bar baƙin tabo, wanda kan yi makonni ko watanni kafin ya baje.

Ya fi fitowa inda tufa ba ta rufe ba: fuska, wuya, ƙirji, hannu. In dafin ya taɓa lanƙwasar gwiwar hannu ko bayan gwiwa, sai ka ga ciwo biyu suna fuskantar juna, iri ɗaya, domin fata ta haɗu da fata ta shafa mata.

Ba a ɗaukar wannan ciwo daga mai shi. Kada a ware yaro, kada a hana shi cin abinci da 'yan'uwansa. In mutum uku sun tashi da shi a ɗaki ɗaya, ƙwarin ne suka shiga ɗakin. Abin da kan kai dafin jikin wani shi ne hannu, ko zane, ko tawul da aka goge ƙwaron da shi ba a wanke ba.

HATTARA DA IDO

Hausawa sun ce hakin da ka rena shi ke tsone maka ido. Babban haɗarin ƙwaron ƙuna a nan yake. Mutum ya murje shi da yatsa, sa'an nan ya mutsuke ido. Kashegari fatar idon ta kumbura, idon ya yi ja, yana hawaye, yana zogi, har ya kasa buɗuwa. In an kula da shi da wuri yakan warke. In kuwa aka zuba masa abin da bai dace ba, maganin ya fi ciwon ɓarna, har a rasa gani.

IN YA SAUKA A JIKINKA

1. Kada ka mare shi, kada ka murje shi. Hure shi da baki ya faɗi.

2. In bai tafi ba, sa takarda ko ganye ya hau, ka yar a waje.

3. In ka gan shi a jikin yaro ko mai barci, haka za ka yi. Kada ka buge shi a kan jikin.

4. In tilas ka kashe shi, bari ya sauka ƙasa, ka taka da takalmi, ba da ƙafa tsirara ba. Share gawar da tsintsiya, kada yara su yi wasa da ita.

IN KA RIGA KA MURJE SHI

1. Tashi nan da nan ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa. Kada ka jira sai ka ji zafi, domin sa'an nan dafi ya riga ya shiga. Wankin farko shi ne babban magani.

2. Wanke hannuwanka da sabulu kafin ka taɓa ido, ko fuska, ko al'aura, ko jariri.

3. Tuɓe rigar da ya fashe a kai, a wanke ta. Haka zanen gado da tawul.

4. In ya taɓa ido, yi ta zuba ruwa mai tsabta a idon, misalin minti 15, sa'an nan ka nufi asibiti.

5. In ciwon ya riga ya fito, wanke shi a hankali da sabulu. Jiƙa ƙyalle mai tsabta da ruwan sanyi ka ɗora a kai, yana rage raɗaɗi. Yanke wa yaro farce don kada ya sosa.

ABIN DA BA A YI

Kada a fasa bororon da ƙaya ko allura. Kada a shafa toka, ko kashin shanu, ko kananzir, ko fetur, ko man goge baki, ko baƙin garin batir. Kada a tsaga, kada a yi lalas. Waɗannan duka suna ƙara ƙona fatar, suna kuma buɗe wa ƙazanta ƙofa. Ciwon da zai warke cikin mako biyu sai ya zama gyambo.

Ido kuwa, kada a ɗiga masa ruwan ganye, ko nono, ko ruwan sukari, kada a sa kwalli. Kada a sayi maganin ɗigawa a kasuwa ba tare da ma'aikacin lafiya ya duba idon ba. Ke uwargida, kada ki shafa man bilicin don kawar da tabon. Zai baje da kansa.

YAUSHE ZA A TAFI ASIBITI?

A tafi ɗakin shan magani mafi kusa, ko Babban Asibitin Gumel:

in ciwon yana ido ko kusa da ido, ko a al'aura;

in jariri ne ko ƙaramin yaro;

in wurin yana da faɗi, ko ya fito wurare da yawa;

in ya fara mugunya, ko wari, ko kumburin yana ƙaruwa;

in akwai zazzaɓi ko kaluluwa;

in mai ciwon yana da ciwon sukari;

in an yi mako biyu bai kama hanyar warkewa ba.

Ma'aikacin lafiya yana da man shafawa mai kwantar da kumburi, da maganin ƙaiƙayi, da maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta in wurin ya harbu. In ka sami ƙwaron, sa shi a kwalba ka tafi da shi. Wannan zai taimake shi gane ciwon.

KADA A RUƊE DA WASU

Manoman gero sun san hangara, wadda kan faɗa wa zangarniya sa'ad da take fure. Ita ma ruwan jikinta yana tada bororo, amma ta fi ƙwaron ƙuna girma nesa, dafinta dabam ne, kuma ita maɓarnaciyar gona ce. Dokarsu dai ɗaya: kada a murje a jiki, a wanke da sabulu.

Akwai kuma wani ciwo mai kama da wannan, wanda ya fi kama manya da tsofaffi. Yakan fara da zogi kwanaki kafin ƙuraje su fito, sa'an nan su jeru kamar ɗamara a gefe ɗaya na jiki, ba sa tsallakawa ɗaya gefen. Wannan ba aikin ƙwaro ba ne, ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jiki tun ƙuruciya ta farka. Maganinsa dabam, kuma yana son a je asibiti da wuri. In kuwa ƙuraje sun bazu ko'ina a jiki tare da zazzaɓi, kada a ce ƙwaro ne a zauna. A kai mai ciwon a duba shi.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Kai mai gida, ga abin da za ka yi daga tsakiyar damina har a gama kaka:

1. Nisanta fitila daga wurin kwana. Rataye ta a tsakar gida ko nesa da ƙofa, ƙwari su taru can. Kada ka zauna ko ka shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashinta.

2. In za a kunna fitila a ɗaki, a rufe taga da ƙofa, ko a saki labule. Wanda ya sami hali ya sa wa taga raga mai ƙananan ido. A kashe fitila kafin a yi barci.

3. In za ka sayi ƙwan fitila na waje, zaɓi mai haske ruwan ɗorawa.

4. Kowa ya kwana cikin gidan sauro mai magani, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. A ɗinke duk inda ya yage, domin ƙwaron siriri ne, 'yar huda ta ishe shi. Kada a kunna tocila ko waya a ciki a daɗe. Da wannan ka tsare iyalinka daga zazzaɓin cizon sauro kuma.

5. A kakkaɓe tabarma, da zanen rufa, da matashi kafin a kwanta. A kakkaɓe tufafin da suka kwana a igiya kafin a sa.

6. A nome ciyawar da ke jikin katanga da bayan ɗaki. A kwashe ruɓaɓɓen ganye da shara. A gyara makwararar ruwan wanka kada ya kwanta.

7. Da safe a share ƙwarin da suka mutu a ƙarƙashin fitila, a binne, ko a zuba a masai.

8. Mai aikin dare a ƙarƙashin fitila, da mai yankan shinkafa, su sa riga mai dogon hannu, su ajiye sabulu da buta kusa.

9. Kada a yayyafa fiya-fiya a ɗakin kwana don wannan ƙwaro. Guba ce mai ƙarfi, ta fi ƙwaron haɗari ga yara.

In ciwon ya kama mutane da yawa a unguwa ɗaya, ko makaranta, ko tsangaya, mai unguwa ko malam ya sanar da ma'aikacin lafiya da duba-gari, su zo su duba fitilu da wuraren da ruwa ya kwanta.

A KOYA WA YARA

Yara ne suka fi wasa da ƙwari, su ne kuma suka fi kai hannu ido. In ka sami ƙwaron, sa shi a kwalba, ka tara yaran gida su gan shi da kyau. Sa'an nan ka tambaye su:

Wane launi ne da shi?

Yana cizo?

In ya hau hannunka me za ka yi?

In ka murje shi bisa kuskure me za ka yi?

Me ke kawo shi ɗaki da dare?

Yaron da ya amsa waɗannan biyar ya tsira, zai kuma koya wa ƙannensa. Ku tuna da abu uku: a hure shi kada a murje, a wanke da sabulu nan take, a nisanta fitila daga shimfiɗa. In kun gama karanta wannan takarda, ku miƙa wa maƙwabci.